UNTL: Masaƙar da Ta Bi Sawun Zare, Amma Ba Ta Kai Gona Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen masaƙun Kaduna, hirar takan tsaya ne a wuri biyu: kewar zamanin da jiniya ke kaɗawa unguwar Kakuri ta cika maƙil da ma'aikata da kekunansu, sai kuma tsine wa 'yan fasa-ƙwauri. Duka biyun suna da hujja. Sai dai babu ɗaya a cikinsu da ke bayyana yadda aka yi, cikin masaƙun da suka tashi kusan lokaci ɗaya a bakin kogi ɗaya, guda ta yi wa sauran fintinkau, ta yi rassa a Gusau da Funtuwa da Ikorodu, ta kuma fi manyan takwarorinta daɗewa a tsaye. Wannan masaƙa ita ce United Nigerian Textiles, wadda kowa ya fi sani da UNTL. A ganina ta girma ne domin masu ita sun gane cewa ribar atamfa a ɗakin kaɗi ake ƙulla ta. Ta kuma durƙushe ne domin abubuwa biyun da zare ke rayuwa a kansu, wato auduga mai kyau da wuta mai araha, ba su taɓa zama a hannunta ba.

Kaɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin a kafa inji ko ɗaya, mata ne ke riƙe da wannan sana'a a cikin gidaje: a gurje auduga a fitar da angurya, a yi shiɓa, a ɗauki mazari da alli a kaɗa zare ko abawa, a kai wa masaƙa, daga nan sai marina da mabuga. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin birnin suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Duk wannan fatauci a kan yatsun matan da babu wanda ya rubuta sunayensu ya tsaya.

Turawan mulkin mallaka kuwa ba zare ya kawo su ba, audugar suke so. A 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta domin su rage dogaro da audugar Amurka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka ɗora wa buri. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da fatan zai riƙa komawa Ikko maƙare da auduga, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Ita ma audugar da aka noma, masu kaɗi da saƙa na gida sukan saye ta da tsadar da BCGA ba ta iya bayarwa. Sai da aka shigo da irin Allen na Amurka, aka baza gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi, aka kafa fuloti, wato wuraren sayen auduga, da malaman awo masu raba auduga lamba-lamba, sannan Turawa suka samu abin da suke nema. Tsarin a fili yake: auduga ta fita a dila, ta dawo a akoko da alawayyo.

Wannan tsari gwamnatin Sardauna ta yi niyyar karyawa da ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Lankasha aka kafa Kaduna Textiles, KTL, wadda ta fara aiki a 1957. Zaɓen Kaduna ba son kai ba ne kawai na babban birnin Jihar Arewa. Ga kogi, kuma masaƙa ba ta rayuwa sai da ruwa mai yawa. Ga mahaɗar layin dogo. Ga gonakin auduga na lardunan Zariya da Katsina da Sakkwato a kusa. Cikin 'yan shekaru sai ga Nortex, ga Norspin da ta keɓanta da kaɗin zare, ga Arewa Textiles ta Jafanawa. Gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da yadi, duk mai son kasuwar Nijeriya ya ga gara ya tsallako katangar ya kafa injinsa a ciki.

Cikin waɗanda suka tsallako akwai Cha Chi-ming, mutumin lardin Zhejiang na ƙasar Sin, wanda ya koma Hong Kong ya kafa kamfanin rini na China Dyeing Works a 1949. Abin da ya turo shi Afirka ba ƙaunar yankin ba ce. Ingila ta soma taƙaita yadin Hong Kong da ke shiga kasuwarta tun 1959, sauran ƙasashen Yamma suka bi sahu da tsarin kaso, dole mai neman faɗaɗa jari ya nemi wata ƙofa. A 1964 ya kafa UNTL a Kaduna tare da jarin gwamnatin Arewa, bayan 'yan shekaru kuma ya kafa masaƙar Akosombo a Gana.

A nan ne labarin ya bambanta da na KTL. KTL daga kaɗi ta faro, ta saƙa akoko, ta sayar, kuma ta daɗe a kan haka. Akoko kaya ne mai fita, amma ribarsa siririya ce, kuma wanda ya rina shi ya buga masa zane shi ke kwashe romon. Cha kuwa marini ne, daga bakin kasuwa ya shigo, ya san launin da matan Onica ke so da wanda ke tafiya a Kano. Da yana so da ya tsaya a nan, ya riƙa sayo farin yadi yana bugawa yana cin riba. Maimakon haka sai ya riƙa ja da baya taki-taki zuwa tushen kayan. Rukunin kamfanonin ya mallaki masaƙar Zamfara a Gusau, ya kafa Nichemtex a Ikorodu a farkon shekarun 1970 domin zaren roba da ake gauraya wa auduga, sannan masaƙar Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970, a tsakiyar ƙasar auduga, garin da har yau akwai unguwar da ake kira BCGA. Da Norspin ta gaza ta rufe, UNTL ce ta karɓe ta ta sake buɗe ta da sunan Unitex, ta ci gaba da kaɗa wa sauran rassan zare. Kamfanin da ya shigo da tukunyar rini ya wayi gari yana cikin manyan masu kaɗi a Afirka ta Yamma.

Me ya sa ɗan kasuwa zai binne kuɗinsa a ɗakin kaɗi, alhali nan ne inji ya fi tsada kuma riba ta fi jinkiri? Sai mutum ya san aikin kafin ya gane. Dilar auduga takan shiga injin da ke buɗe ta ya kakkaɓe ƙasa da ganye, ta wuce injin shiɓa da ke jera silin audugar, a haɗa tufka da tufka a miƙe su har kaurinsu ya daidaita, a sirance, sannan dubban mazaran ƙarfe su murɗe shi ya zama zare. Duk kuskuren da aka yi a wannan hanya ba ya gyaruwa a gaba. Zaren da kaurinsa bai daidaita ba zai yi ta tsinkewa a injin saƙa, kowane tsinkewa kuma tsayawar inji ne. Inda ya yi kauri zai sha rini daban da inda ya sirance, atamfa ta fito da dabbare-dabbare, dillali ya karya mata farashi. Mai buga zane da ke sayen zare a hannun wani, sunansa ne a bakin zanen, amma ingancinsa a hannun wanda bai sani ba yake. Ga kuma iskar Arewa. Lankasha ta yi suna a kaɗi har da taimakon danshin iskarta, mu kuwa da hunturu ya kama sai silin auduga ya bushe ya riƙa tashi, dole a riƙa fesa wa ɗakin laima dare da rana. Wannan ma wuta yake ci. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amfanin wannan dabara bai fito sosai ba sai da abubuwa suka ɓaci. Shekarun 1970 na sauƙi ne ga kowa: kuɗin mai ya cika gari, gwamnatin soja ta hana shigo da yadi a 1977, naira ta fi dala daraja, saboda haka inji da sinadarin rini da kayan gyara duk da arha ake shigo da su. Ko masaƙar da ake tafiyarwa da sakaci tana samun na cefane. Amma wannan arziƙin shi ne ya riƙa cin gonar auduga ta ƙarƙashi. Matasa suka bar ƙauye, farin 1973 ya sa manomi ya fifita hatsi, farashin da hukumar auduga ke sanarwa ya kasa bin tsadar rayuwa. Ƙasar da ta samar da dila fiye da 400,000 a kakar 1976/77 ta koma ƙasa da dila 100,000 kafin tsakiyar shekarun 1980. Masaƙun da aka gina a Kaduna domin su kasance kusa da gona suka koma jiran jirgin ruwa ya kawo musu auduga. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, takardar izinin shigo da kaya ta zama abin wawaso, masaƙu suka shiga rage ma'aikata da tilasta hutu. KTL, wadda jihohin Arewa suka gada, ta shiga wannan yanayi da tsofaffin injuna da masu gida da yawa, kowa na jiran wani ya zuba kuɗi. Ita kuwa UNTL tana da 'yan uwa a Hong Kong da za su nemo mata kayan gyara da bashi, tana kuma da zarenta.

Sai ga shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Cikin 'yan watanni dala ta haura zuwa wajen naira 4, ta ci gaba da hawa. Duk masaƙar da ke dogaro da zaren waje ko farin yadin waje ta ji a jikinta. Wadda ke kaɗa audugar gida kuwa sai ta wayi gari kayanta sun fi na kowa arha a yankin. A nan akwai gaskiyar da ba mu cika son tunawa ba: a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, fasa-ƙwaurin atamfa daga Nijeriya yake fita. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Garwa da Kwatano suna zuwa da sefa mai ƙarfi, su yi lodi a kasuwar Kantin Kwari ta Kano, su tsallaka da shi. Babu mai masaƙar da ya kai ƙara a lokacin. Iyakar da muke zargi yau ita ce ta ciyar da Kakuri shekaru da dama, har zuwa Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi, cinikin ya ja baya.

Shi wannan SAP da ya ba UNTL iska, shi ne kuma ya sare reshen da take zaune a kai. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da hukumar auduga mai hedikwata a Funtuwa. Ba zan yi mata kuka ba, domin ta daɗe tana danne manomi a farashi, kuma kuɗin da ta tara ba gona ya koma ba. Amma ban da saye, tana wasu ayyukan da babu wanda ya gada. Ita ke tabbatar da cewa irin da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar shi ake ninkawa a raba, ba a gauraya shi ba. Ita ke tsayar da malamin awo a fuloti ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, kowace da kuɗinta. Da aka watse, sai kowa ya zama mai sayen auduga. Iri ya cakuɗe a gidajen gurza, manomi ya shuka abin da ya samu. Tun da farashi ɗaya ne ga mai tsabta da mai datti, wasu suka koma yayyafa ruwa da zuba yashi domin sikeli. Mafi muni shi ne buhun leda da ya maye gurbin buhun algarara da zanen ɗauri. Silin leda guda ya shiga dila, inji zai yayyanka shi ya kaɗa shi cikin zare, ba a gani sai an yi rini, domin leda ba ta shan launi. Da haka audugar Nijeriya ta yi baƙin suna, masu saye a waje suka riƙa karya mata farashi.

Wasu masaƙun sun gwada shiga gona da kansu. Afprint ta Ikko ta kafa Afcott a kusa da Yola, tana ba manoma iri da taki bashi domin su sayar mata da amfanin. Matsalar ita ce ranar girbi wani mai saye da bai zuba ko kwabo ba zai zo da motarsa ya ƙara 'yan nairori, ya kwashe audugar, bashin ya bi ruwa. Babu kamfani guda, komai girmansa, da zai iya tsare wannan ƙofa shi kaɗai. Aikin hukuma ne, hukuma kuwa ta riga ta wanke hannunta. Iyakar inda bin sawun zare ya kai UNTL ke nan: ta mallaki rini, ta mallaki saƙa, ta mallaki kaɗi, ta matsa har garuruwan auduga, amma tsakanin ƙofar gidan gurza da kunyar manomi ba ta da iko.

Sauran labarin an fi saninsa. Wutar NEPA ta zama sai an gani, ɗakin kaɗi kuwa ba ya jure ɗaukewar wuta: kowace ƙiftawa dubban zarurruka ne ke tsinkewa a lokaci guda, sai an bi su ɗaya-ɗaya an ƙulla. Masaƙu suka koma janareta. Baƙin man da tukunyar tururi ke sha, wanda matatar Kaduna ke samarwa tun da aka buɗe ta a 1980, ya yi wuya da matatar ta soma ciwo. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a ƙarshen 2001, tsarin kason yadi ya ƙare a farkon 2005, atamfar Sin ta kwararo ta Kwatano da Maraɗi, wata ma da zanen masaƙun gida da tambarinsu aka kwaikwayo. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin kuɗin sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Arewa Textiles, inda Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago, ta bi baya. Cha ya rasu a Maris na 2007, a Oktoban shekarar UNTL ta kulle ƙofarta ta Kaduna, ma'aikata wajen 4,000 suka koma gida.

An sake buɗe ta a Disambar 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da aka damƙa wa Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu. An yi biki, Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ya halarta. Masaƙar ba ta sake komawa ko kusa da ƙarfinta na da ba, kuma babu abin mamaki a ciki. Rance yana sayen inji, ba ya gyara iri, ba ya kawo wuta. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, ya raba wa manoman auduga iri da bashi, aka yi ta shela. A 2023 aka janye hanin. Duk gwamnatin da ta zo takan fara ne daga ginin masaƙa, domin shi ne ake iya yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, alhali ciwon yana can baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Jamhuriyar Benin. Ƙasar da muka sani da zama mashigar atamfar fasa-ƙwauri yanzu tana cikin na gaba-gaba a noman auduga a Afirka, ta haura tan 700,000 a kaka guda. Ba wani sihiri ta yi ba. Ana sanar da farashi kafin shuka, ana ba da iri ɗaya da taki bashi ta hannun ƙungiyoyin manoma, kuma ba kowa ke da izinin sayen auduga ba, saboda haka bashin yana dawowa. Tsarin yana da nasa aibin, domin ya tattara harkar a hannun 'yan tsiraru masu kusanci da mulki, kuma 'yan ƙasar suna faɗin haka. Amma sai da auduga ta tsaya da ƙafarta sannan suka gina masana'antun kaɗi da saƙa da ɗinki a Glo-Djigbé, har suna tura riguna Amurka. A Kamaru ma Sodecoton ta Garwa tun 1974 take riƙe da manomanta a kan irin wannan tsari. Hausawan da ke zaune a can sun san bambancin.

Saboda haka idan za a sake gwadawa, ni daga zare zan so a fara, ba daga atamfa ba. Atamfa yayi ce, kuma wanda ke iya kwaikwayon zanenka cikin makonni ya sayar da rabin kuɗinka ba za ka ci shi a wannan fage ba tukuna. Zare kuwa ba ruwansa da yayi. Awonsa ake yi, ingancinsa ake gwadawa, in ya cika sharaɗi yana da masu saye daga masu saƙar aso-oke na Iseyin da Ilori, zuwa masu saƙa singileti da tawul, zuwa masaƙun ƙasashen waje. Audugarmu mai matsakaicin sili ba za ta yi shadda irin ta Getzner ba, wannan sai dogon sili da aka taje, amma ta ishi akoko da zanen gado da kakin 'yan makaranta da na sojoji, kuma nan ne yawan yake.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. Ɗakin kaɗi na zamani ba ya ɗaukar mutane kamar na 1975. Injin da ke ƙulla zare da kansa ya maye gurbin hannaye da yawa, duk wanda ya yi wa Kakuri alƙawarin dawo da cunkoson da ta sani yaudararta yake yi. Aikin yi mai yawa yana gona da wurin ɗinki. Sannan a duk sassan masaƙa kaɗi ne ya fi cin lantarki, ga mazarai ga na'urar laima, kuma tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, lissafin ya ƙara tsauri. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne abin da zai iya sauya wannan lissafi, in gas ɗin ya iso kuma aka sayar wa masana'antu a farashin da za su iya tsara shekara biyar a kansa. Kafin nan, mai kuɗin da ya ƙi zuba jari a kaɗi a Kaduna ba rashin kishi ne ya hana shi ba.

Ɓangaren gona kuwa ba ya jiran bututu. Jihohin Katsina da Zamfara da Kaduna da Kano da Gombe za su iya haɗuwa da masu gidajen gurza su amince da iri ɗaya a kowane yanki, su hana zuba auduga a buhun leda, su mayar da malamin awo fuloti da bambancin farashi na gaske tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu, su kuma yi rajistar masu saye yadda wanda ya ba da bashi zai samu audugarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyan 100. Abin da ya fi su wuya shi ne tsaro, domin dajin da ya tashi daga Faskari da Sabuwa ya bi ta Tsafe zuwa Gusau shi ne tsakiyar ƙasar auduga, auduga kuwa ba a tsince ta rana ɗaya. Sai an koma gona sau biyu ko uku tsakanin Nuwamba da Janairu, mata da yara a fili tun safe, kuma manomin da ke biyan 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa zai zaɓi abin da zai girbe cikin kwana biyu ya kai gida.